Fegi, Fuloti da Hurumi: Kalmomin da Ake Yanka Gari da Su

Ka ce wa ɗan siyasar Nijeriya "zoning", karɓa-karɓa zai ji: bana Arewa, baɗi Kudu. Ka faɗa wa ma'aikacin hukumar tsara birane, dokar da ke cewa nan gidajen kwana, can masana'antu, nan kada bene ya wuce hawa biyu, can kada a kafa gidan mai, ita zai ji. Na farko mulki yake rabawa, na biyu ƙasa.

Kalmar daga Girkanci ta fito, inda take nufin ɗamara. A Amurka, birnin New York ne ya fara kafa irin wannan doka ga gari sukutum a 1916, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta halatta tsarin a 1926, a shari'ar wani ƙauye mai suna Euclid a jihar Ohayo. Har yau masana can na kiran tsarin da sunan Euclid, mai ji sai ya zaci masanin lissafin nan na Girka ake nufi. Ƙauyen ake nufi. Sai dai shi ma ƙauyen sunan masanin ya ci.

Hausa fa? A rediyo za ka ji "tsara birane", ko "keɓe yanki", ko "rabon filaye". Babu wadda ta zauna daram a gurbin waccan. Amma tun kafin a haifi dokar New York, birnin Kano a rabe yake, kuma sunayen unguwanni ne kundin rabon.

Wasu sana'a suka ɗauko: Soron Ɗinki, Dukawa. Wasu asalin mazauna: Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa. Wasu nasaba: Sharifai. Marina takan nemi bakin gari da kusa da ruwa, majema takan kauce wa hancin jama'a. Ba taswira, ba lambar fayil, amma baƙo na shigowa ƙofar gari ya san inda zai sauke kaya.

Alfindiki ta fi su doguwar tafiya. Daga Larabci take, "al-funduƙ", masaukin fatake, Larabawa kuma daga Girkawa suka aro ta, inda take nufin gidan da ke karɓar kowa. Ta ratsa teku, ta ratsa Sahara, ta zo ta zauna a tsakiyar Kano har an manta baƙuwa ce.

Dandalin Turawa kuwa tarko ne ga mai gaggawa. Ba mutanen Ingila ne Turawan ba. Larabawan Arewacin Afirka ne, don su aka fara kira da wannan suna kafin 'yan mulkin mallaka su zo su gaje shi.

Zango ita ce ta fi yin suna a waje. A gida wurin da ayari ke yada kaya ne a kwana a tashi. A Damagaram ta zama unguwa mai fuskantar Birni. A Gana ta zama "zongo", sunan duk unguwar Musulmi baƙi daga arewa, har akwai Sabon Zongo a Akara, har gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan a 2017. Kalmar da aka yi don kwana ɗaya ta sami ofis da minista.

Da Turawa na biyu suka zo, sai rabon ya sake harshe. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta kasa garuruwa aji uku, ta kuma ware wa Turawa mazauninsu. Ƙa'idar ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba gini, wai don sauro da gobara. Sunan farko na wannan mazauni yana ɗauke da kalmar Turai ƙarara. Da zamani ya juya aka cire ta aka sa gwamnati, shi ne G.R.A. Harafi ɗaya aka canza, faɗin filayen da inuwar itatuwan suna nan.

Bahaushe bai wahalar da kansa da haruffa ba, ya ce bariki. Daga "barracks" take, mazaunin soja, amma ta faɗaɗa ta rufe duk inda Bature da ma'aikatansa ke zaune. Daga nan ta bar ƙasa ta koma hali: ɗan bariki, barikanci, iya bariki. Wuri ne da idon iyaye da na mai unguwa ba ya kai wa, kuma harshe ya yanke masa hukunci tun kafin malamai su yi wa'azi a kansa.

Sabon Gari na Kano ya tashi ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ya haura shekara ɗari, har yanzu sabo ne. Na Zariya ma ya zama ƙaramar hukuma da wannan suna. A ƙasar Yarabawa kuma sai kalmar ta juya baya: Sabo ta Ibadan unguwar Hausawa ce. Ashe "sabo" a nan ba shekaru take ƙirgawa ba, baƙunta take nunawa.

Tudun Wada kuwa, a Zariya da Kaduna da Kano, ta 'yan Arewa ce waɗanda ba 'yan cikin birni ba. Suna ne mai fata: tudu don kada ruwa ya ci, wada don kada talauci ya ci. Kano ma ta taƙaita duka da kalma ɗaya, ta kira abin da ke bayan badala Waje, har sunan ya shiga takardun mulki.

Sai kalmomin awo. Fuloti, ko filoti a wasu bakuna, daga "plot". Layi daga "line", shi ya sa kusan kowane gari ke da Sabon Layi. Safiyo daga "surveyor". Amma fegi ta fi daɗin bincike. Daga "peg" take, turken da safiyo ke kafawa a kusurwa. Hausawa suka ɗauki sunan turken suka ba filin duka, don haka akwai Sabon Fegi a Gusau, akwai a Damaturu. Mai cewa "na sayi fegi", a zahirin lafazi, ɗan itace ya saya.

Fuloti cikakke a bakin dillalai ƙafa 50 ne da ƙafa 100, kimanin murabba'in mita 465. Takardun gwamnati da mita suke magana, kasuwa da ƙafa. Daga nan sai rabi, sai kwata, sai abin da dillali zai ce "ya isa ɗaki biyu da tsakar gida".

A Kano fili iri biyu ne: awon gwamnati da awon igiya. A na farko hukuma ce ke shata unguwa a taswira, ta fitar da titi da magudanar ruwa da filin makaranta, sannan ta raba. A na biyu mai gona ne ke kiran dillalai, a ja igiya, a yanka, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya shaida. Lura da yadda aka raɗa sunayen: ɗaya da sunan mai iko, ɗaya da sunan kayan aiki. A awon igiya babu wanda za a ambata, don babu wanda ya ɗauki nauyin unguwar gaba ɗayanta.

Ba raini ya kamata a yi wa igiya ba. Ita ta ba talaka wurin kwana lokacin da awon gwamnati ya yi kaɗan, ya yi tsada, ya yi nisa da wanda ba shi da kowa a sama. An yi wa Kano babban tsari na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan Trevallion, amma garin ya fi takardar sauri. Gonakin da ya haɗiye sun bar sunayensu kawai: Gandun Albasa, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Rimin Kebe, Kurna. Nemi albasa a Gandun Albasa yau, sai a teburin mai kayan miya.

To wa ke da ikon awo? Nan ne fassara ta yi mana alkawarin da doka ba ta yi ba. Muna cewa "takardar shaidar mallakar fili". Turancin takardar kuwa "occupancy" ya ce, wato zama a wuri, galibi na shekara 99. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Mallaka da mulki daga tushe ɗaya suke a Larabci, kuma dokar ta mayar da su gida ɗaya: mai mulki shi ke riƙe da mallaka, saura izinin zama suke da shi.

Dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama na gargajiya a ƙasar da ba ta birni ba, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Amma gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. Da, ganuwa ce ke faɗin iyakar birni, kowa na ganinta da ido. Yanzu sa hannu ne. Ranar da aka ce ƙauyenku ya shiga birni, ikon filayensa ya tashi daga sakatariyar ƙaramar hukuma ya koma babban birnin jiha.

Me ya rage wa ƙaramar hukuma a cikin gari? Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa mata kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, da kuma raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Birnin Kano ya bazu a ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar, amma izinin gini a wurin hukumar jiha, KNUPDA, ake nemansa. Hukumar da ta fi kusa da jama'a ita ce mai raɗin suna, wani ne ke haihuwa.

In aka yi saɓani tsakanin igiya da taswira, kalmomi biyu ke fitowa. Ta farko rusau, Bahaushiya tsantsa, wadda ta zama laƙabin Malam Nasiru el-Rufa'i tun yana ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, ta kuma cika bakin Kanawa a 2023. Ta biyu diyya. A shari'a, diyya fansar rai ce, raƙuma ɗari. Da aka rasa kalmar biyan wanda aka karɓe wa gona ko gida, ita aka ɗauko, kuma zaɓin ya nuna yadda ake jin rashin. Dokar 1978 kuwa abin da aka gina ko aka shuka take biya, ba ƙasar kanta ba. Mai gona na jin an yi kisa, takarda na lissafin mangwaro da katanga.

Gidajen da gwamnati ke ginawa su ma suna da salon sunansu. Wasu na ɗaukar sunan mai mulki, kamar rukunin gidajen Shagari da ke jihohi da dama. Wasu na ɗaukar taken siyasa, kamar Kwankwasiyya da Amana a Kano. Maiduguri ta zaɓi lissafi: 202, 303, 707, 777, 1000. Wasu kuma "lokos" kawai ake ce musu, daga "low cost", ko da kuɗinsu ya fi ƙarfin wanda aka gina dominsa.

Abin da al'umma ke so fa, da wane suna ake kiransa? Kalmomi uku ke takara. Bunƙasa girma ce, ko kumburi ma bunƙasa ne. Ci gaba tafiya ce, kuma Hausawa sun riga sun yi mata kashedi da ci gaban mai haƙar rijiya. Raya ta fi su nauyi, don daga rai take: raya ƙasa, raya birane, raya karkara. Ta yi daidai da abin da malaman fiƙihu ke kira rayar da matacciyar ƙasa, babin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa littafi guda, Ta'alimur Radi. A wannan fahimta, ƙasa takan zama ta mutum ne idan ya haƙa rijiya, ko ya yi gini, ko ya yi shuka. Kafa fegi a tafi a jira farashi ya tashi ba ya cikin lissafin.

A wannan babin ne kalmar da ta fi kusa da abin da muke nema take: hurumi. Tushenta na Larabci shi ne na haram da harami, abin da aka hana taɓawa. A mazhabar Malikiyya gari yana da huruminsa, wato inda mutanensa ke itace da kiwo su dawo a yini. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai cuci ruwanta ko ya ƙuntata wa masu ɗiba ba. Ko itaciya tana da nata. A ƙasar Hausa hurumi ya haɗa da maƙabarta da makiyaya da filin da ke kewaye da gari, ga kuma danginsa: burtali da labi don shanu, dandali don yara, filin idi don kowa, kududdufi don ruwan sama ya sami wurin zuwa.

Tsarin New York ya fi damuwa da abin da za a gina a kowane yanki. Hurumi ya fi damuwa da inda ba za a gina komai ba. Shi ne abin da igiya ba ta iya aunawa, don ba wanda zai biya kuɗinsa, kuma shi ne abin da awon gwamnati kan fitar a taswira, bayan 'yan shekaru a wayi gari an yanka shi shaguna. Kududdufin da aka cike aka gina, ruwansa ba ya fasa zuwa, ɗakunan maƙwabta yake shiga.

Yau an fi jin kalmar a bakin lauyoyi: kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Ma'anar ta tashi daga fili ta koma iko, kuma ma'anonin biyu suna bukatar juna, don sai mai hurumi ne ke iya tsare hurumi. Mai unguwa da ke shaida ciniki, da kansila, da ƙungiyar unguwa, su suka san inda ruwa ke bi da inda za a rasa wurin binne mamaci nan da shekara goma, amma ba a hannunsu alƙalamin yake ba. Kotun da ba ta da hurumi, sai a kai ƙarar gaban wata kotu. Unguwar da aka yanka ba a bar mata hurumi ba, rusau kaɗai ke iya samar mata da shi daga baya, kuma rusau ya fi igiya tsada.