Soyayya a Lokacin Hunturu: Kaɗaici a Waƙoƙin Farisa, 1953 zuwa 1967

Tun zamanin Jalaluddin Rumi da Hafiz Shirazi, mawaƙan Farisa suke kukan rabuwa da masoyi. A wurinsu rabuwar hanya ce ta bege, irin ta sufaye, wadda ƙarshenta saduwa ne da Mahalicci. A tsakiyar ƙarni na ashirin wannan kuka ya sauya ma'ana. Kaɗaicin da mawaƙan Iran suka rera bayan 1953 tarihi ne ya haife shi, wato siyasa da dokar iyali, kuma soyayya ta zame musu wurin fakewa a ƙasar da mutum yake tsoron maƙwabcinsa.

Nima Yushij ne ya share fage. Da waƙarsa mai suna Afsane ta 1922, da waɗanda suka biyo bayanta, ya sassauta ƙa'idar daidaiton baitoci da amsa-amo, ya bar tsawon layi ya bi abin da zuciya take son faɗa. Wannan ya ba magadansa damar yin magana da muryar mutum guda mai suna da gida da damuwa, maimakon muryar masoyin gazal da ba a san garinsu ba.

A watan Agusta na 1953, da taimakon hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya, aka kifar da gwamnatin Muhammad Musaddik, wanda ya mayar da man fetur mallakar ƙasa a 1951. Aka ɗaure marubuta da dama, ciki har da Ahmad Shamlu da Mahdi Akhawan Salis, sannan a 1957 aka kafa hukumar SAVAK. Zimistan, wato Hunturu, da Akhawan ya fitar a 1956 ta siffanta zamanin da sanyin da ya sa kowa ya takure, ya kawar da ido daga ɗan'uwansa. Shamlu kuwa ya nemi mafita a wurin mace guda, matarsa Aida, wadda ya sa sunanta a littafinsa na 1964. Bayan jam'iyya da taron jama'a sun watse, amana tsakanin mutum biyu ita ce ta rage masa.

Furug Farrukzad ta fi kowa nuna tsadar wannan hanya. An yi mata aure tana da shekara 16, ta haifi ɗa namiji, auren ya mutu, aka bar yaron a hannun mahaifinsa. Sunayen littattafanta na farko kaɗai sun isa labari: Asir, wato Fursuna, a 1955, Diwar, wato Bango, a 1956, Isyan, wato Tawaye, a 1958. Ta rubuta sha'awa da bakin mace, abin da aka daɗe ana barin maza su yi, jaridu suka yi mata ca. Kaɗaicinta na gaske ne: na uwar da aka raba da ɗanta, da na macen da gari ya juya wa baya.

A 1962 ta je mazaunin kutare na Bababagi kusa da Tabriz, ta ɗauki fim ɗin Gidan Baƙi Ne, ta kuma ɗauko yaro ɗaya daga can ta riƙe. Daga nan waƙarta ta faɗaɗa. A cikin Tawalludi Digar, wato Sabuwar Haihuwa, na 1964, kaɗaici ya zama halin ɗan Adam baki ɗaya, wanda ya san zai mutu kuma yake neman wanda zai shaida cewa ya rayu. Soyayya a nan ba ta kawar da mutuwa, tana ba kwanakin da suka saura ma'ana ne.

Furug ta rasu a haɗarin mota a Tehran a watan Fabrairu na 1967, tana da shekara 32. Bayan juyin juya halin 1979 an shafe shekaru an hana buga waƙoƙinta, duk da haka masu karatu ba su daina zuwa kabarinta a maƙabartar Zahiruddaula ba. Abin da wannan tsara ta bar wa adabin Farisa shi ne fahimtar cewa kaɗaici yana da sanadi a doka da mulki, kuma mawaƙin da ya ambaci sunan wanda yake so a irin wannan zamani ya yi aikin jarumta.