Sawira da Jikokin Yahudawanta

Kowace shekara, wajejen watan Satumba, ɗaruruwan Yahudawa daga Faransa, Kanada, Amurka da Isra'ila kan taru a Sawira, birnin da ke bakin tekun Atalantika a ƙasar Maroko, wanda Turawa suka sani da Mogador. Abin da ke kawo su shi ne ziyarar kabarin malaminsu Hayim Pinto, wanda ya rasu a 1845. Da yawansu jikokin mutanen garin ne.

Sarki Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya gina birnin a wajejen 1765, ya gayyato manyan attajiran Yahudawa don su riƙe masa ciniki da Turai, har ana kiran su fataken sarki. Ayarin raƙuma daga Tumbutu kan sauke gashin jimina da ƙaro da hauren giwa, su koma da shayi da sukari da yadi. A ƙarshen ƙarni na 19, wajen mutum huɗu cikin goma na mazauna garin Yahudawa ne, talakawansu na cunkushe a unguwar da ake kira Mallah.

Kasuwa ce ta fara watsewa. Da Faransa ta kama Tumbutu a 1894, fataucin Sahara ya ja baya. Bayan 1912 kuma jiragen ruwa suka karkata zuwa Kazabalanka. Kafuwar Isra'ila a 1948 da yaƙin 1967 suka kwashe sauran. Maroko mai Yahudawa kimanin 250,000 a shekarun 1940, yau ƴan dubbai kaɗan suka rage mata.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sawira ta gaskata rabin maganar. Mai ziyara yakan tarar gidan kakansa ya rushe, ko baƙi sun cika shi. Amma maƙabarta tana nan bakin teku, kuma a garuruwan Maroko da yawa Musulmi ne ke riƙe da mabuɗan irin waɗannan wurare, su share su, su nuna wa baƙo inda nasa ke kwance. Tsarin mulkin 2011 ya lasafta gadon Yahudawa cikin tushen ƙasar, kuma a Janairun 2020 Sarki Muhammadu na Shida ya ziyarci Baitu Zakira, wato gidan tunawa, da aka tsara cikin tsohuwar majami'ar Simon Attias.

Duk da haka, gyaran bango ba ya mayar da maƙwabtaka. Tsofaffin da suka yi ciniki da zaman unguwa tare da Yahudawa suna ƙarewa, siyasa kuma takan buɗe hanya ta rufe: yaƙin Gaza da ya ɓarke a 2023 ya rage baƙi daga Isra'ila ƙwarai. Muddin ƴaƴan Sawira ba su karɓi wannan tarihi a matsayin nasu ba, ziyarar za ta koma kallon kufai.