Daga Daji Zuwa Kwalba: Tarihin Saiwar Magani da Matsayin Sunayenta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin saiwar magani a matakai uku, wato daji da kasuwa da ɗakin gwaje-gwaje. An ɗauki unguwannin Hausawa na Inugu da Anaca da Fatakwal a matsayin misalin kasuwa, sannan aka waiwayi fasahar renon saiwa a cikin kwalba, wadda a nan aka laƙaba wa suna "saiwa mai gashi". Abin da ake son tabbatarwa shi ne, sunan tsiro ne igiyar da ta ɗaure matakan uku, saboda haka akwai nauyin da ya rataya a wuyan masana harshe.

2.0 Saiwa a Kasuwa

An gano kwal a yankin Udi a 1909, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu. Da aka kammala gadar Makurɗi a 1932, sai jirgi ya riƙa tsallake Binuwai kai tsaye da dabbobin Arewa. Anaca kuwa ta ruwa da hanyar mota aka fi isa gare ta. A Inugu, kasuwar Artisan ta gaji sunanta ne daga gidajen masu aikin hannu na reluwe. Zaman 'yan Arewa ya yi ƙarfi a garin har Malam Umaru Altine ya zama magajin gari na farko a 1956. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun katse wannan zama, sai bayan 1970 aka sake ɗinkewa.

Duk inda fataken shanu suka sauka, mahauta da wanzamai da 'yan magori kan biyo baya. Saiwa ta dace da irin wannan fatauci, domin idan ta bushe ba ta saurin lalacewa. Sai dai ganye yakan sake tohowa, sassaƙe yakan warke idan ba a zagaye itacen ba, amma tonon saiwa sau da yawa ajalin tsiro ne. Misali a nan shi ne sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Saiwarta ake nema, ga shi kuma irinta ba ya tsira da sauƙi, don haka tana ƙaranci a wurare da dama.

3.0 Saiwa a Kwalba

Fasahar saiwa mai gashi daga cuta ta samo asali. Manoman tuffa a Amurka sun daɗe suna ganin tarin siraran saiwoyi na fitowa a jikin dashensu. A 1930 Riker da abokan aikinsa na Jami'ar Wiskonsin suka tabbatar da cewa wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa ke haddasa haka, wadda daga baya aka sa wa suna Agrobacterium rhizogenes. A 1982 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayar takan shiga ta rauni, ta cusa wani yanki na sinadarin gadonta a cikin na tsiron.

Daga nan cuta ta rikiɗe ta zama makami. Akan ji wa ganye rauni, a shafa masa ƙwayar, idan saiwoyi sun fito sai a yanke su, a kashe ƙwayar da magani, a rene su cikin ruwa mai sukari da gishirin ma'adinai. Sukan yi ta rassa cikin sauri ba tare da kara ko ganye ba, kuma suna ci gaba da samar da sinadaran da uwar tsiron ke samarwa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara samun hiyosiyamin da sukofolamin ta wannan hanya daga dangin zaƙami, tsiron da Bahaushe ya san haɗarinsa har ya kira shi haukata-yaro. A saiwa ake ƙera waɗannan sinadarai kafin su hau ganye, kuma daga hiyosiyamin ake samun atirofin da likitocin ido ke amfani da shi. Babban cikas shi ne, a cikin manyan tukwanen masana'anta saiwoyin kan sarƙe, iska ta kasa ratsa su.

4.0 Matsayin Suna

Mai bincike ba ya zaɓen tsiro da ka. Galibi abin da masu magani suka faɗa yake bi, su kuwa da suna suke magana. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya faɗaɗa aikin a 1937, Bargery ya shigar da da yawa a ƙamusunsa na 1934, sai kuma Gbile a 1980. Duk da haka, suna ɗaya kan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma kan amsa sunaye daban-daban tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram. A kasuwar kudu lamarin ya fi tsanani, domin guntun busasshen itace kawai ake gani, babu ganye babu fure, ga kuma ciniki da Ibo da gurɓataccen Turanci. Idan suna ya kauce, to abin da za a rena a kwalba ma ya kauce.

Haka kuma, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba amfani da al'ummar da aka samo ilimin tsiro daga gare ta. Rubutaccen suna, da wurin da aka ji shi, na daga cikin hujjojin wannan hakki.

5.0 Kammalawa

An ga yadda saiwa ta bi layin dogo zuwa kudu, da yadda cutar tuffa ta buɗe hanyar samun magani ba tare da tuge itace ba. Shawarar wannan maƙala ita ce, sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa da na ilimin tsirrai da na haɗa magunguna, a naɗi sunayen saiwoyi daga bakin masu sayar da su a Artisan da takwarorinta, da karin sautinsu da karin harshensu, tun dattawan da suka san tsiron a daji suna raye.