Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Python: Me Ke Raya Harshen Kwamfuta?

Masu koyon rubuta manhaja a Kaduna da Kano ba sa gajiya da musu: Python ya fi ko JavaScript? PHP ya mutu ko yana nan? Galibi da sauri da sauƙin koyo ake auna harsunan. Amma tarihi ya nuna akwai ma'aunin da ya fi waɗannan nauyi, wato a hannun wa abin yake, kuma mutum nawa ne za su iya gyara shi in ya lalace. Kakuri ta san wannan darasi tun kafin kwamfuta ta shigo gidajenmu.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban mutane suka samu aiki. Auduga tamu ce, ma'aikata namu ne, amma injina da kayan gyaransu daga waje suke zuwa. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, kayan gyara suka yi tsada. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi wuyar samu, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Ƙwarewa tana nan a hannun ma'aikata, sai dai ba wanda zai ɗauki injin ya kai gida ya ci gaba da saƙa.

Irin wannan ya faru a duniyar manhaja. A shekarun 2000, Flash ne ke riƙe da bidiyo da wasanni a intanet, mutane da yawa kuma suka ƙware a harshensa, ActionScript. Amma Flash mallakar kamfani ɗaya ne, wato Adobe. Apple ya hana shi shiga iPhone, Adobe kuma ya janye hannunsa a ƙarshen 2020. Masu sana'ar suka wayi gari an rufe musu masaƙa.

Kwatanta wannan da Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 a Amsterdam. Bai kai C sauri ba, ko kusa. Amma rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Da van Rossum ya ajiye jagoranci a 2018, harshen bai girgiza ba, masu aikin suka zaɓi majalisar mutum biyar a 2019, aiki ya ci gaba.

To amma buɗewa kaɗai ba ta isa ba. A Maris 2024 aka gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace na'ura mai Linux ke ɗauke da ita. Shekaru da dama mutum ɗaya ne, ɗan sa-kai, yake kula da ita, har aiki ya yi masa yawa. Wani ya zo da sunan taimako, ya yi kusan shekara biyu yana neman yarda, sannan ya dasa muguntarsa. Wani injiniyan Microsoft ne ya gano, saboda ya lura shiga na'urarsa na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan ne zancen ya shafe mu. Ayyukan da ke shigar da Hausa cikin fasaha ƙananan ƙungiyoyi ne ke riƙe da su: masu rubuta Wikipedia ta Hausa, masu ba da muryoyinsu a Common Voice na Mozilla, masu bincike na HausaNLP da Masakhane. Yawancin binciken da Python ake yinsa, saboda kayan aikinsa kyauta ne kuma masu iya shi suna da yawa. Haɗarin shi ne ɗalibi ya tafi karatu waje, ko kuɗin tallafi ya ƙare, aikin ya kwanta da kalmar sirrinsa a kan mutum ɗaya.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A saka aiki inda kowa zai gani, da lasisi bayyananne. A rubuta bayanin yadda ake tafiyar da shi, har da Hausa. Makulli ya kasance a hannun mutum biyu ko uku, kuma kowane gwani ya riƙe almajiri. Kafin ka tambayi wane harshe ya fi sauri, tambayi wa zai gyara aikinka ranar da ba ka nan.