Wardi

Wardi kalmar aro ce daga Larabci, su ma Larabawa daga tsohon harshen Farisa suka samo ta. Ta hanyar turare Bahaushe ya san ta, shi ya sa idan tsohuwa ta ce wardi, ƙamshin shafawa take nufi. Ruwan furen wardi ake haɗawa da zamzam wajen wanke Ka'aba.

A kasuwar Wuse kuwa, ka ce ruwan wardi, yaron shago ya yi sororo, sai ka ce "ros wata" ya miƙo 'yar kwalba. Iri biyu ne fa, uwargida: na goge fuska da na zubawa a kek ɗin basbusa. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi tire guda. Kika zarce, sabulu kika gasa. Duba jikin kwalbar kafin ki biya.