Sakin talala ga wanda ake zargi da shigowa Nijar da takardun jabu

Sakin talala shi ne alƙali ya bar wanda ake tuhuma ya jira shari'a a waje, maimakon gidan kaso. Ba wanke shi aka yi ba, tuhuma tana nan.

Batun ya shafi mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela, saboda kusancinsu da iyakar jihar Sakkwato. Dokar 13 ga Janairun 2025 ta tsaurara sharuɗɗan shigowar baƙi da zamansu a Nijar, kuma amfani da katin shaida ko fasfo na jabu laifi ne daban.

Wanda ake tsare da shi, ko lauyansa, shi ke miƙa buƙata ga alƙali mai bincike, wanda ke jin ra'ayin mai gabatar da ƙara kafin ya yanke. Babban abin dubawa: in an sake shi, zai dawo? Nan ne baƙo mai takardun jabu ke shan wuya, tunda ana shakkar ko sunansa. Alƙali na iya neman kuɗin jingina da tabbataccen adireshi. Wanda ya ƙi amsa kira, a sake kama shi.

Marar hali na iya neman taimakon hukumar ANAJJ.