Tom Playford, Manomin da Ya Shekara 26 a Kan Mulki

A Ostareliya kowace jiha tana da majalisarta da firimiyanta. A duk tarihin ƙasar babu firimiyan da ya daɗe kamar Thomas Playford na jihar Ostareliya ta Kudu: ya hau a Nuwamban 1938, bai sauka ba sai Maris ɗin 1965.

An haife shi a 1896 a Norton Summit, cikin tsaunukan da ke bayan birnin Adelaide, a gidan masu lambun 'ya'yan itace. Tun yana yaro ya bar makaranta ya riƙe lambun, saboda mahaifinsa ya ji rauni. Ya je Yaƙin Duniya na Farko, ya yi Gallipoli, aka yi masa mummunan rauni a Faransa a 1916. Ya shiga majalisar jiha a 1933.

Jihar da ya tarar ta alkama ce da ulu, ruwa kuma ya yi mata ƙaranci. Playford ya ɗaura ɗamarar kawo masana'antu. A 1944 aka kammala bututun da ke ɗauko ruwan kogin Murray daga Morgan zuwa Whyalla, garin da ake ƙera jiragen ruwa a lokacin. Ya matsa aka haƙo kwal a Leigh Creek don jihar ta daina jiran na New South Wales. Da kamfanin lantarki na Adelaide ya yi masa taurin kai, sai ya karɓe shi ya mai da shi na gwamnati a 1946. Shi ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, wasu 'yan jam'iyyarsa suka ce allambaran ba su yarda ba, amma 'yan Leba na adawa suka mara masa baya dokar ta wuce. Wannan ne aikinsa mafi jarumta. Hukumar gidaje ta jihar ta gina wa ma'aikata gidaje masu araha, har da sabon garin Elizabeth a 1955.

Sai dai ba aiki kaɗai ya zaunar da shi ba. Tsarin mazaɓun da ya gada ya ba karkara kujeru 26, Adelaide kuma 13, alhali galibin jama'a a birnin suke. Ya ƙi gyara shi. A 1962 Leba ta fi shi ƙuri'u, ya ci gaba da mulki da goyon bayan 'yan indifenda. Wannan rashin adalci ne, kuma makarantu da asibitoci ba su samu kulawar da masana'antu suka samu ba.

Ma'aikatan da masana'antunsa suka tara a unguwannin bayan gari galibinsu Leba suke zaɓa, su ne kuma suka taimaka wa Frank Walsh na Leba ya kayar da shi a 1965. Ya bar majalisa a 1968, ya koma lambunsa, ya rasu a 1981.